Jiyya ta Zaman Taro, da Malaman da Su Ke Koyar da Ita

Idan zazzaɓi ya kama yaro a Babura, ko a Kanya, ko a Insharuwa, kowa ya san abin yi. A kan kai shi asibiti, a auna jininsa, a ba shi magani. Amma akwai wani ciwo wanda ma'aunin zafin jiki ba ya nuna shi. Mace mijinta ya rasu, an yi wata takwas, har yanzu ba ta barci, ba ta cin abinci sai an matsa mata, ta daina zuwa suna da biki. Saurayi ya komo daga cin rani hannu wofi, ya shige ɗaki, damina ta faɗi bai ɗauki fartanya ba. Mu kan ce, "Sai haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau ƙwarai. Amma wanda ya karye a ƙafa ba mu kan bar shi da haƙuri kaɗai ba, mu kan kira masa mai ɗori.

Irin wannan karaya ta cikin rai ita ma tana da masu ɗori. Cikin darasin watan nan za mu duba ko su wane ne, da inda su ke koyon aikin, da wata hanya tasu ta yi wa mutane da yawa jiyya a zama ɗaya. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: a ƙasar da masana ba su da yawa, babban amfanin masani shi ne mutanen da ya koya wa aikin.

1. Ma'aikata biyu, aiki biyu

Da fari sai mu rarrabe ma'aikata biyu waɗanda mutane su kan haɗa su wuri ɗaya. Na ɗaya shi ne likitan ƙwaƙwalwa. Shi ya gama karatun likita sarai, sa'an nan ya ƙware a kan ciwon hankali. Shi ke rubuta ƙwaya da allura. Na biyu shi ne masanin halin ɗan Adam mai aikin asibiti. Shi bai bi ta makarantar likita ba, ba ya kuwa rubuta magani. Karatunsa a kan tunani ne, da hali, da yadda mutum ya ke koyo, da yadda ya ke zama da jama'a. Kayan aikinsa su ne tambaya, da sauraro, da gwaje-gwajen auna hankali, da magana wadda aka tsara ta bisa ga ƙa'ida. Su biyun nan ba kishiyoyi ba ne. Sau da yawa mai ciwo ɗaya yana bukatar dukansu.

A yankinmu akwai asibitin masu ciwon hankali a Kazaure, akwai na Dawanau kusa da Kano, akwai sashen wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwamnatin Tarayya kuma tana da nata a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Amma ma'aikata kaɗan ne. A 2022 an ƙiyasta likitocin ƙwaƙwalwa na Nijeriya duka ba su kai 300 ba, alhali kuwa mutanen ƙasar sun haura miliyan 200. Idan kowane mai damuwa zai jira sai ya zauna shi kaɗai gaban gwani, yawancinmu ba za su taɓa kaiwa ƙofa ba.

2. Yadda wannan ilmi ya shiga jami'a

A shekara ta 1896 wata malamar makaranta a birnin Filadalfiya ta Amurka ta kawo wani yaro mai shekara 14 wurin wani malamin jami'a, sunansa Lightner Witmer, domin yaron ya kasa koyon haɗa baƙaƙe. Witmer bai ce yaron daƙiƙi ne ba. Ya zauna ya bincika inda matsalar ta ke. Daga nan ya buɗe ɗakin duba irin waɗannan yara a Jami'ar Pennsylvania, shi ne na fari irinsa. Tun daga ran nan aikin ya tashi da ƙafa biyu, ɗaya a aji, ɗaya wurin mai ciwo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji da yawa suka koma gida jikinsu lafiya amma ransu a rikice. Ana bukatar ma'aikata da gaggawa. A 1949 malamai suka taru a garin Boulder, suka shirya yadda za a riƙa horar da masu wannan aiki. Suka ce lalle ne ɗalibi ya zama abu biyu: mai jiyya, da mai bincike. Watau kada ya ce, "Na ga kamar maganina yana aiki." Sai ya auna, ya rubuta, ya bar waɗansu su duba ko gaskiya ne.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen ilmin halin ɗan Adam a 1964. Daga baya Ikko, da Ibadan, da Jos, da waɗansu suka bi.

3. Mafarin jiyya ta zaman taro

Wannan hanya ba wurin masu ciwon hankali ta fara ba. A 1905 wani likita a birnin Boston, Joseph Pratt, yana duban matalauta masu tarin fuka waɗanda ba su da kuɗin kwanciya asibiti. A zamanin nan ba a sami maganin tarin fuka ba tukuna, sai hutu, da iska mai kyau, da abinci. Sai ya riƙa tara su aji ɗaya mako mako, wata majami'a ta birnin mai suna Emmanuel ta ɗauki nauyin kuɗin. Kowa yana da littafin da ya ke rubuta nauyinsa da zafin jikinsa. Nufin Pratt shi ne ya rage wa kansa maimaita magana. Amma ya lura da wani abu. Sabon zuwa idan ya ga wanda ya riga shi ya yi ƙiba, sai ya sami ƙarfin zuciya ya bi dokokin. Ashe masu ciwon suna yi wa juna magani.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, a asibitin soja na Northfield kusa da Birmingham ta Ingila, likitoci irin su Wilfred Bion da S. H. Foulkes suka gwada zaunar da sojoji ƙungiya ƙungiya, gama masu ciwo sun fi ƙarfin masu jiyya. A 1970 Irvin Yalom, malami a Jami'ar Stanford, ya wallafa babban littafi a kan wannan hanya, har yau ɗalibai suna karanta shi.

Ga yadda zaman ya ke. Mutum shida zuwa goma su kan zauna a kewaye, kowa yana ganin fuskar kowa. Su kan sadu sau ɗaya a mako, kamar sa'a ɗaya da rabi. Mutanen ba su canzawa, lokacin ba ya canzawa. Akwai shugaba wanda aka horar. Ba wa'azi ya ke yi ba, ba lacca ba. Aikinsa shi ne ya buɗe wa mai shiru hanya, ya tsai da mai yawan magana cikin ladabi, ya komo da zance kan hanya idan ya karkace.

Me ke warkarwa a ciki? Yalom ya lissafta abubuwa da dama. Bari mu ɗauki huɗu.

Na fari, mutum ya gane ba shi kaɗai ba ne. Mai damuwa ya kan zaci babu wanda ya taɓa tunanin da ya ke yi. Ran da ya ji wani ya faɗi abin da shi ya ke ɓoyewa, rabin kayan ya sauka.

Na biyu, sa zuciya. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya soma komawa kasuwa ya kan ce, "Ashe ana fita."

Na uku, ba da taimako. Wanda ya daɗe yana ganin kansa kaya ne a wuyan dangi, idan shawararsa ta amfani wani, sai ya tuna yana da daraja.

Na huɗu, ƙungiya madubi ce. Yadda mutum ya ke yi da matarsa ko da wansa, haka zai yi da 'yan ƙungiya. A nan za a gaya masa a hankali, ya gwada wata hanya inda kuskure ba ya kashe aure.

4. Misali daga ƙasarmu: Likita Lambo

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne kaɗai. Thomas Adeoye Lambo, an haife shi a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a kan ciwon hankali a asibitin Maudsley na Landan, ya komo gida a 1954 aka ba shi riƙon asibitin Aro kusa da garinsu. Shi likitan ƙwaƙwalwa ne, amma abin da ya yi darasi ne ga ma'aikatan nan biyu.

Kafin zamaninsa, abin da a ke yi da mai ciwon hankali shi ne a kulle shi, ko a gidan mahaukata irin na Yaba wanda aka buɗe a 1907, ko a kurkuku. Lambo ya iske ginin Aro bai ƙare ba. Maimakon ya jira, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye ya roƙe su su saukar da masu ciwo a gidajensu, a biya su haya. Ya kafa sharaɗi ɗaya: kowane mai ciwo ya zo da wani nasa, uwa, ko 'yar'uwa, ko inna, wadda za ta dafa masa, ta wanke masa, ta raka shi. Da safe a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma ƙauye a zauna cikin mutane. Ya kuma jawo waɗansu masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi, domin sun san harshen mutane da abin da su ke tsoro. Ya ga mutumin da ba a raba shi da jama'a ba ya fi saurin komawa gida.

Amma bai tsaya kan jiyya ba. Ya yi bincike tare da masana na Jami'ar Cornell a ƙauyukan Yarabawa, aka buga sakamakon a 1963. A 1961 ya tara likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, taro na fari irinsa. A 1963 ya zama shehun malami a Jami'ar Ibadan, a 1968 ya zama shugaban jami'ar. A 1971 ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya riƙe matsayin mataimakin babban darekta daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Masu ciwon da ya duba da hannunsa suna da iyaka. Amma ta wurin ɗalibansa da rubuce-rubucensa, labarin ƙauyen Aro ya kai ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

5. Gwajin da aka yi a ƙauyukan Yuganda

Tambaya ta rage. Ƙauyen da babu likita, babu masani, jiyya ta zaman taro za ta yiwu a can? An gwada wannan a kudancin Yuganda, a gundumomin Masaka da Rakai, inda cutar ƙanjamau ta kashe mutane da yawa ta bar gwauraye da marayu. Manoma ne kamar mu.

Masanan da suka yi aikin, Paul Bolton na Jami'ar Johns Hopkins da Helen Verdeli ta Jami'ar Columbia da abokansu, ba su fara da littafinsu ba. An fara da tambayar mutanen ƙauye yadda su ke kiran wannan ciwo da bakinsu. Aka sami sunaye biyu, ɗaya ma'anarsa ƙin kai, ɗaya kuwa jin tausayin kai. Sa'an nan aka ɗauki wata hanyar jiyya wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara tun wajen 1970, aka gyara ta ta dace da ƙauye. Hanyar nan tana cewa ciwon damuwa ya kan tashi ta ɗayan ƙofofi huɗu: mutuwar wani naka, ko rashin jituwa da wani na kusa, ko juyin zama kamar ciwo ko tsiya ko ƙaura, ko kuwa kaɗaici. Aikin ƙungiya shi ne ta taimaki kowa ya gane ƙofar da nasa ya shigo, ya kuma ɗauki mataki ɗaya kafin mako mai zuwa.

Aka zaɓi 'yan ƙasar, waɗanda ba likitoci ba ne, aka horar da su mako biyu, ana kuwa bin sawun aikinsu. Aka ɗauki ƙauyuka 30, aka yi ƙuri'a, 15 suka sami ƙungiya, 15 ba su samu ba tukuna, domin a gwada. Maza dabam, mata dabam, namiji ke shugabancin maza, mace ke shugabancin mata. Aka yi zama 16, mako mako, ba ƙwaya ba allura. Aka buga sakamakon a 2003. Kafin a fara, wajen 9 cikin 10 na mutanen suna da ciwon damuwa mai tsanani. Bayan an gama, a ƙauyukan da aka yi zaman, waɗanda ciwon ya rage gare su ba su kai 7 cikin 100 ba. A sauran ƙauyukan kuwa sun fi rabi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da wannan hanya, ta taƙaita ta zuwa zama 8.

Mu lura da abin da malaman jami'a suka yi a nan. Ba su ne suka zauna da gwauraye ba. Su suka tsara hanya, suka koyar, suka lura, suka auna. Ba domin su ba, da ba wanda zai san ko abin magani ne ko hira ce kawai.

6. Hanyar wanda ya ke so ya bi wannan aiki

Hanyar tana da tsawo, gara a faɗa wa yaro gaskiya tun da wuri. Bayan sakandare sai digiri na fari a ilmin halin ɗan Adam, shekara 4. Sai bautar ƙasa, shekara 1. Wannan digiri bai mai da mutum mai jiyya ba tukuna. Sai ya yi digiri na biyu a fannin aikin asibiti, wajen shekara 2, yana karatu yana kuma zuwa asibiti. Sai ya ƙara zama ƙarƙashin wani gwani, yana duban masu ciwo gwanin yana duban aikinsa. Mai son zama malamin jami'a kuwa sai ya yi digiri na uku, shekara 3 ko fiye, da bincike nasa na kansa. Daga nan ya hau matakai, daga ƙaramin malami, zuwa babban malami, har shehun malami. Ba a hawa sai da koyarwa da rubuta bincike wanda waɗansu masana suka tace.

Shugabancin ƙungiya ba a koyonsa daga littafi kaɗai, kamar yadda ba a koyon ƙira da ji. Ɗalibi ya kan fara da zama yana kallo. Sa'an nan ya zama mataimaki. Sa'an nan a ba shi ƙungiya, bayan kowane zama ya komo ya ba malaminsa labari: wa ya yi shiru, wa ya yi kuka, me ya faɗa, don me ya faɗa. A wurare da yawa a kan sa ɗaliban su zauna cikin ƙungiya su da kansu, domin su ɗanɗana nauyin buɗe ciki gaban mutane.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce malami ɗaya ya horar da mutum 10 a shekara. A ce kowannensu ya riƙe ƙungiya 3 a shekara, kowace da mutum 8. Mutum 240 ke nan, daga aji ɗaya. Shekara mai zuwa waɗannan goma suna nan suna aiki, ga kuma sababbin goma.

7. Abin da ya shafe mu

Zaman tare ba baƙo ba ne gare mu. Muna da gayya, da adashi, da zaman makoki, da majalisar ƙofar gida, da zumuntar mata. Mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada mu ruɗe, mu ce mun riga mun iya. Zaman makoki kwana kaɗan ne, mutane su watse, mai rashi ya rage shi kaɗai daidai lokacin da abin ya ke soma cinsa. A majalisa kuwa abin da aka faɗa da dare ya kan kai kasuwa kafin azahar. Jiyya ta zaman taro tana da sharuɗɗa waɗanda ba a wasa da su.

Asiri shi ne na fari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, magana ɗaya da ta fita ta isa ta kashe ƙungiya, ta kuma ɓata sunan gida.

Na biyu, a san waɗanda za a haɗa. Ba a sa mace da surukarta, ko da kishiyarta, ko mai bashi da mai binsa. Mata su sami mace, maza su sami namiji. A nemi yardar mai gida tun da fari, a kuma kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar noma.

Na uku, a san iyaka. Wanda ya ke jin muryoyi, ko ba ya gane mutane, ko yana faɗuwa da farfaɗiya, ko ya ambaci kashe kansa, ba na ƙungiya ba ne tukuna. A kai shi asibiti ran nan, kada a kwana. Kada kuma a sa masa mari. A 2019 ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta iske mutane ɗaure da sarƙa a wurare da yawa cikin Nijeriya, a gidajen gwamnati, da na masu maganin gargajiya, da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi duka. Wannan abin kunya ne wanda ya shafe mu duka. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai ciwo hakkinsa na mutum.

Na huɗu, kada wanda ba a horar ba ya ɗauki wannan aiki domin yana da kirki kaɗai. Buɗe miki yana da sauƙi, ɗaure shi ne aiki.

Saboda haka muna bukatar 'ya'yanmu cikin wannan ilmi. Wanda ya tashi a Babura, ko Roni, ko Gwiwa, ya san abin da mace ta ke nufi idan ta ce, "Tunani ya yi mini yawa," ko "Zuciyata ta yi baƙi," ko "Jikina duk ya mutu." Ya san abin da kunya ke hana faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Aikin da aka yi a Yuganda, na tattara sunayen ciwo daga bakin mutane da auna jiyya a ƙauye, yana jiran masu yinsa da Hausa. Idan yaro ko yarinya a gidanku ya iya sauraro, ya iya riƙe asiri, yana kuma da kai na lissafi, ku nuna masa wannan hanya, ku kuma jure tsawonta tare da shi.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da masanin halin ɗan Adam mai aikin asibiti?

2. Wane abu Likita Pratt ya lura da shi cikin ajin masu tarin fuka?

3. Don me Likita Lambo ya ce lalle kowane mai ciwo ya zo da wani nasa?

4. Ku faɗi ƙofofi huɗu da ciwon damuwa ya kan shigo ta cikinsu. Wace ce ta fi yawa a unguwarku?

5. Ta wace hanya jiyya ta zaman taro ta bambanta da majalisar ƙofar gida?

6. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba, wane asibiti ne kuma ya fi kusa da ku?